Bazarar da Na Juya Tarakta

Azumi ya sake faɗowa cikin bazara, yaran yanzu kuma sun ishe ni da ƙorafi. Tun hantsi za ka ga ƙato ya miƙe a gindin bishiyar bedi, waya a hannu, yana nishi wai zafi zai kashe shi, alhali kafin la'asar ɗan kabu-kabu zai iso daga Badaguishiri da buhun ƙanƙara. Ban hana kowa shan ruwan sanyi ba, ni ma ina sha har in nemi ƙari. Sai dai duk ranar da iskar azahar ta mare ni a fuska, nakan tuna wancan zagayen, shekara talatin da wani abu, da azumi ya same mu cikin irin wannan zafi, hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, ƙorama kuma tana cin gonar Inna. A bazarar nan na samo sunan da har yau ake kirana da shi, Garba Baya-baya. Wasu da wasa suke faɗa. Wasu kuma ba wasa ba ne a bakinsu, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya.

Gonar Inna, mahaifiyata, a fadama take, gadonta ce daga ubanta. Da damina mu sa dawa, in ruwa ya janye mu bi laima da wake da kabewa da tumatir. A shekarun farin da suka gabata gonakinmu na tudu ko kara mai kyau ba su ba mu ba, wannan 'yar fadamar ce ta riƙe gidan. Sai ga wani reshe na ƙorama ya ɓalle daga gindin dutse ya nufo ta. Duk ruwan da aka yi sai ya yagi ƙasa ya tafi da ita. Kafin waccan bazara bakin ramin ya shigo cikin gonar sosai, zurfinsa kuwa in mutum ya tsaya ciki ba a ganin hularsa. Kowa ya duba ya san in aka ƙara damina ɗaya a haka gonar ta rabu biyu, laimar ta tsiyaye, sai yashi ya rage.

Maganin abin ba ɓoyayye ba ne. A cike bakin ramin da duwatsu, a yi datsiya, ruwa ya zo ya tsaya ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, sannan ya wuce a hankali. Ƙananan duwatsu mata na iya ɗaukowa a ka, amalanken jaki ma na iya. Amma an taɓa gwada ƙanana, ruwan farko ya kwashe su. Gindin datsiya manyan duwatsu yake so, irin waɗanda ƙarti ke mirginawa da ƙyar, su kuma suna can gindin dutse, a ƙetaren babbar ƙorama.

Ina da tarakta. Kada ka ji na ce tarakta ka ɗauka wani abu ne. Na yi shekaru ina tuƙa wa wani Alhaji a gonakin rani na Konni. Da ya sayi sabuwa sai ya nuna mini tsohuwar da ke ƙarƙashin bishiya, kaji na yin ƙwai a cikinta, ya ce in na iya tayar da ita in tafi da ita. Na tayar kuwa. Ja ce a da, amma rana ta cinye fentin. Ba fitila, ba batir, sai an tura ta a gangare take tashi, tirela kuwa ko a mafarki. Abin da take da shi hannuwa biyu ne na baya masu ɗaga garma, kuma ƙarfinsu bai mutu ba. Na sa aka yanka mini wani tsohon tankin ruwa aka yi akwati, na ɗaura shi a hannuwan nan. Na ba da ragona aka kawo mini gazuwal, man da take sha, daga bakin iyaka. Ranar da aka ɗauki azumi, ana idar da sallar asuba na fita da abokaina biyu.

Zuwa ba matsala. Muka sauke akwatin ƙasa, muka mirgina duwatsu ciki, na ɗaga, na juyo. Na gangara cikin ƙorama lafiya, na ratsa yashi. Da na kama hawan gaɓa ta wannan gefen sai hancin taraktar ya ɗaga sama, ƙananan tayoyin gaba suka bar ƙasa, na ga sararin samaniya a inda ya kamata in ga hanya. Allah ya ba ni ikon taka kuloci, ta faɗo da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Na taɓa ganin direban da tarakta ta kife a kansa ta wannan hanyar, ban manta yadda aka ciro shi ba. Na sauko na duba ta.

Nauyin yana baya, gaba ba komai, shi ke nan dalilin. Don haka na juya ta na hau gaɓar da baya, kayan suna sama, ta hau ba gardama. Hanyar gona kuma duk ramuka ce da tudu, hancin ya yi ta tashi sitiyari ya ƙi jin magana, sai na ga gara in yi tafiyar gaba ɗaya da baya. Giyar baya guda ɗaya ce, kuma jaki ya fi ta sauri. Haka na dinga yi, wuya a murɗe bisa kafaɗa, daga gindin dutse har gona.

Kwanakin suka zama iri ɗaya. Da sahur matata Dije ta dama fura mai ruwa-ruwa, don geron sai an lallaɓa shi ya kai mu shuka. Mu fita da sanyin safiya wanda bai wuce ɗan lokaci ba. Kafin hantsi ƙarfen taraktar ya ɗauki zafi har ba ka iya dafa shi da tafin hannu, zafin inji na bugo ka daga ƙasa, na rana daga sama, duwatsun kansu kamar an ciro su daga murhu. Da azahar harshe ya bushe ya manne, miyau ya ƙare, ko tsaki mutum ba ya iya yi. In na dawo Dije ta yayyafa wa tabarma ruwa in kwanta a kai, kafin in juya ta bushe. Buɗa-baki kunun tsamiya ne ba sukari, sai kwaɗon busasshen tafasa da ɗan garin rogo. Wuyana kuwa ya sandare. Har ta kai in zan yi sallamar sallah sai na juya da duk jikina, yara a sahun baya suna toshe baki.

Inna a lokacin ta daɗe ba lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, ga tari da ya fi shekara yana damunta. Yini take a ƙofar ɗakinta da carbi, kuma ta ƙi ajiye azumi ko da liman ya aiko cewa ta ajiye. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban fuskata, magana kuma ta bakin wani take biyowa. Tun da na yi aure Dije ce gadar. Ina tsaye a gabanta za ta ce, "Dije, ki ce ma wancan ya ɗebe takalmanshi daga hanya."

Abin da ban sani ba, ashe gari ya ɗauki magana. A wajenmu tun muna yara in aka ga kana tafiya da baya sai ka ji rankwashi a ka, a ce kana kiran mutuwar uwarka. Ni na ɗauka abin tsorata yara ne don kada su faɗa rijiya. Ashe manya ma ba su ajiye shi ba. Mata a bakin rijiya suna nuna ni da baki in na wuce. Wata safiya abokaina suka ce suna da aikin rufin ɗaki, washegari ma haka.

Rannan bayan la'asar Kawu Idi ya shigo, yayan Inna, wanda shi ne babba a danginsu. Bai zauna ba.

"Garba, mi kaka yi haka?" in ji shi. "Uwarka tana kwance, kai kuma tun sahe har azahar kana zirga-zirga da baya gaban jama'a. So kaka yi ka kai ta?"

Na ce, "Kawu, dutse nika ɗauka. In na yi gaba motar kihewa taka yi."

"To ta kihe! Gona ce ba a samu wata, ko uwa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kawu kawu ne, na sunkuyar da kai, iyakar yadda wuyan ya yarda. Inna tana jin mu daga ƙofar ɗaki. Sai da ya kai zaure sannan ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Dije, ki ce ma wancan, in ya bari gonar ubana ta bi ruwa, shi ne ya kashe ni. Ba ni son wata magana."

Na je wajen liman. Ya ce camfi ne, ajali a hannun Allah yake, kuma ya maimaita a masallaci bayan asuba. Kowa ya gyaɗa kai. Na kira gayya don a taya ni, Dije ta jiƙa ɗan geron da bai kamata a taɓa ba don kunun buɗa-bakin ma'aikata, ba wanda ya zo. Kawu ya riga ya bi gida-gida. Kowa ya yarda liman ya faɗi gaskiya, amma kowa yana da uwa. Muka rage ni da Dije, muna tura dutse da sandar ƙarfe, ita da goyo a baya. Abin da muke kaiwa a yini ko kusurwar ramin bai rufe ba. Ga gajimare ya fara leƙowa daga gabas da yamma, fari-fari, yana watsewa.

Ana haka sai ga Hamidu, ɗan Kawu Idi, taubashina, wanda ke kanikanci a Malbaza. Ya biyo motar kasuwa ya zo duba gwaggonsa. Da ya kira ni na juyo da duk jikina sai ya fashe da dariya har ya dafa bango.

"Bawana, wa ya ɗaure ma wuya? Sun ce ka zama ɗan baya-baya, ashe har ka zama gungume."

Na ce, "Kai ne bawa, kuma ubanka ya hana a taimake ni. In dariya ta kawo ka, ka yi ka tahi."

Bai tafi ba. Ya zagaya taraktar yana ƙwanƙwasa ta, ya tsuguna ya daɗe yana leƙen ƙarƙashinta. Sannan ya miƙe ya ce, "Wai wa ya ce dole wanga hanci shi ne gaba?"

Ya zana mini a ƙasa da tsinke. A cikin tukunyar da ke tsakanin manyan tayoyi akwai wani ƙarfe mai haƙora, faɗinsa kamar faifai, da wani ƙarami da ke juya shi daga gefe ɗaya. In aka ciro babban aka mayar da shi ɗaya gefen, duk giyoyin gaba sai su riƙa tafiya wajen manyan tayoyi. Sai a juya kujera da sitiyari. Direba ya zauna yana kallon kayansa, nauyi yana gaba, ga sauri, wuya ya huta.

Na ce, "Ka taɓa yi?"

"Na ga wadda anka yi ma haka wajen Sakkwato, tana ɗaukar buhuna. Ni ban taɓa ba."

"In munka buɗe ta ta ƙi haɗuwa fa?"

"To ruwa ya iske ka da hanjin mota bisa tabarma, gona ta tahi."

"Kawu fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Tsoho ya ce kar ka yi tahiya da baya. To gaba za ka yi."

Na yi ta juya maganar har aka sha ruwa. Yadda muke tafiya ni da Dije ko damina biyu ba za mu gama ba, gonar tafiya za ta yi ko na buɗe ko ban buɗe ba. Ga kuma haushin garin nan. Na ce wa Hamidu ya je ya ɗauko kayan aikinsa.

A gindin gawon ƙofar gida muka yi aikin. Muka ɗaga bayanta muka tokare da gumagumai. Baƙin mai muka tsiyaye shi cikin daron wankin Dije, abin da ta yi shekaru tana yi mini gori a kai. Muka cire manyan tayoyin muka jingine. Kusoshin sun yi tsatsa sun kafe, wasu sai da muka tara musu gawayi suka yi ja sannan suka motsa, mu kuma muna tsugune a kan wutar da azumi a baki. Hamidu ya shimfiɗa tabarma yana jera duk abin da ya fito bi da bi, ya yi rantsuwa duk akuyar da ta taka sai ya yanka ta. Da muka ciro faifan haƙoran sai na ga ashe abin da ya hana ni sakat bai fi abin da mutum biyu za su ɗauka ba. Muka juya shi muka mayar, ya ƙi zama, yana gogar cikin tukunyar. Hamidu ya yini yana gurza wurin da magagari, zufa na ɗiga daga haɓarsa cikin mai, leɓensa ya tsage. Mutane suna zuwa su tsaya daga nesa su kalla, su kama baki su wuce.

Kujera da sitiyari da sandunan birki da na kuloci sai an yi musu walda, a garinmu kuwa babu wuta. Hamidu ya kwashe su ya hau motar kasuwa zuwa Malbaza. Yana can aka yi hadari. Iska ta taso da la'asar, gari ya yi duhu, aka yi yayyafi har ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara suka fito suna tsalle, tsofaffi suna hamdala. Ni ina tsaye kan taraktar da ke buɗe na rufe ta da zana, ina roƙon Allah ya riƙe ruwansa. A ƙasar da kowa ya kwana ya tashi yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake roƙon a jinkirta. Hadarin ya wuce kudu.

Da Hamidu ya dawo muka ɗaura komai. Har tayoyin ya sa muka musanya, na dama ya koma hagu, don zanen jikinsu ya kama ƙasa ta sabuwar hanyar. Ranar gwaji gari ya taru, har waɗanda suka ce ba ruwansu. Aka tura ta a gangaren masallaci ta tashi. Na sa giyar farko, ta tafi wajen da nake kallo. Daɗi ya kama ni, na karya sitiyari dama, sai ta yi hagu, ta shige darnin gidana ta kwantar da shi, kajin Dije suka watse. Dariyar da aka yi ranar nan har yau ina jin ta a kunnena. Hamidu ma dariyar yake, ya shiga ƙarƙashi ya sauya wa sandar sitiyarin gefe. Kafin magariba ta saitu.

Washegari na ga abin da ban taɓa gani ba. Duwatsu suna gabana ina kallonsu, manyan tayoyi suka ciji gaɓar ƙorama suka haye kamar ba komai, hancin da ya so kashe ni yana biye a baya. Hanyar da take cinye mini safiya guda na yi ta kafin zufa ta jiƙa rigata. Na dawo ta ƙofar Kawu da gangan, ban ɓoye ba. Yana zaune a dakali, na tsaya na gaishe shi.

"Kawu, ga shi gaba nika tahiya yanzu."

Ya dubi taraktar daga wannan kai zuwa wancan. "Hancinta na baya. Baya taka tahiya. Kujera kunka juya, ba ku juya komi ba." Ya dubi Hamidu da ke maƙale a gefe. "Kai kuma ka nemi inda za ka sha ruwa yau."

A gidanmu Hamidu ya ƙarasa azuminsa. Gari kuwa ya rabu. Kullum bayan la'asar a ƙofar masallaci gardama ake, gaba take yi ko baya. Wasu suka ce inda direba ke kallo nan ne gaba. Wasu suka ce in ka hau jaki kana kallon wutsiyarsa bai sa wutsiya ta zama kai ba. Ni ban tsaya ba, dutse nake ja.

Waɗanda suka fara dawowa aiki su ne waɗanda iyayensu mata suka rasu. Wani dattijo maƙwabcinmu ya zo da sandar ƙarfensa ya ce tasa uwar ta riga ta tafi, ba abin da za a kira. Irinsa suka biyo. Sannan samari, su kam hawa suke so. Da gindin datsiya ya zauna sai ga mata da kwanduna a ka suna kawo ƙananan duwatsun cike, Dije a gaba, ba ta kula kowa don ba ta manta geronta ba. A goman ƙarshe aikin ya yi zafi. Mutum ya ɗaga dutse ya ga duhu-duhu, ya zauna, ya sake tashi. Wata rana wani saurayi ya faɗi aka zuba masa ruwa a ka, da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya ko ruwan ya shiga bakinsa. Jajibirin salla muka ɗora dutsen ƙarshe. A sallar nan ba wanda ya sa sabon kaya a gidanmu, ni da rigar da ke da tabon baƙin mai na je idi.

Ba a daɗe ba bayan salla ruwa ya sauka. Da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik, sannan aka kece. Ban iya zama a gida ba, na ruga gona cikin ruwan. Kafin in ga ƙoramar na ji rurinta. Ta zo ja wur da itatuwa da kashin awaki da karan bara, ta bugi datsiyar har na ji a tafin ƙafata. Ruwan ya taru ya hau, ya hau, na ce shi ke nan. Kafaɗar datsiyar ta hagu ta zame, ƙananan duwatsu suka bi ruwa. Gindin bai motsa ba. Ruwan ya kai baki ya malala ta sama a shimfiɗe, ya wuce. Na tsaya ina ihu ni kaɗai, ban san abin da nake faɗa ba. Da safe bayan datsiyar ya cika da laka mai laushi, bakin ramin ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Jikin Inna a lokacin ya ƙara sanyi, ko ƙofar ɗaki sai an riƙe ta. Da Dije ta kai mata labari sai ta ce, "Ki ce mishi ina son in gani da idona."

Ba ta iya tafiya, amalanke kuma ba zai bi laka ba. Na wanke akwatin duwatsu tas, Dije ta shimfiɗa tabarma da bargo da matashi. Ni da Hamidu muka ɗauko ta, ba nauyi ko kaɗan. Muka zaunar da ita tana kallon hanya, ta ce ba wurin jingina. Ta juya da kanta ta jingina da bangon gaban akwatin. Sai ga ta tana fuskantata, tsakaninmu bai fi miƙa hannu ba. Wurin ba zai ɗauki mutum biyu ba, don haka Dije ta tsaya a ƙofar gida. Na ɗaga akwatin a hankali muka tafi.

Kawu yana dakalinsa. Da ya ga wadda ke cikin akwatin ya miƙe tsaye. Inna ta ɗaga hannu na tsaya.

"Yaya, ka gani?" in ji ta, muryar da ƙyar take fita. "Yanzu ni ka tahiya da baya. Tawa uwar ta daɗe cikin ƙasa, balle a ce."

Kawu ya tattara buzunsa ya shige gida.

Muka kama hanyar gona a giyar farko. Ni dole in kalli gabana, ita ce kuma a gabana. Ita ma ba inda za ta kai idonta, dama dutse, hagu gonaki, tsakiya ni. Da farko ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, iska ta janye, ba ta sake ja ba. A ranar na san uwata tana da ɗan tabo a ƙarƙashin idon hagu. Na ga girarta irin tawa ce. Na haura shekara talatin a duniya ban taɓa samun damar kallonta haka ba, ita ma na ga tana bin fuskata da ido kamar mai duba ƙwaryar da ta daɗe da bayarwa aro. Hawaye ya cika mini ido har na kusa faɗawa rami.

"Dubi hanya, kai," in ji ta.

Ita ce magana ta farko da na iya tunawa ta faɗa mini kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

A bakin datsiya na sauke akwatin ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu, na ɗebo mata lakar, ta murza ta a yatsu, ta sunsuna. Sannan ta juya kai wajen dutse, kamar da shi take magana.

"Wanda ya yi wanga aiki, Allah shi yi mishi albarka."

Na ce amin. Muka juyo gida yadda muka zo, tana gabana har ƙofa.

Inna ta rasu a daminar nan, lokacin da dawar gonar ta fara fitar da kai. A wajen zaman makoki na miƙa wa Kawu hannu bai karɓa ba, kuma har ya bar duniya bai karɓa ba. Har yanzu akwai tsofaffin da in na wuce sai su ce wa jikokinsu, ga wanda ya kira mutuwar uwarsa. Tarin da ya fi shekara yana cinta ba su ƙirga shi ba, gonar da jikokinta ke ci har gobe ma ba su ƙirga ta ba. Su yi ta faɗa. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ba. In da na bar taraktar nan yadda bature ya ƙera ta, da ranar nan a bayana uwata za ta zauna, in kai ta in dawo da ita ban ga fuskarta ba.